Sunan Cikin Ambulan

Sunana Kadi, kuma ban taɓa shiga lakwal ba. Karatun boko a kasuwar Gaya na tsince shi, a jikin tsofaffin jaridun da innata take naɗe wa mutane bandar kifi. Duk wanda ya zo sayen kifi da alƙalami a aljihu, sai in ɗora yatsa a kan baƙi ɗaya in ce, "Wannan fa?" Baƙi ɗaya a rana, ba na ƙari. Wasu su faɗa mini, wasu su kore ni, wasu kuma in gano alƙalamin nasu na ado ne. Kafin a yi mini aure ina karanta gwangwanin sardin, da buhun siminti, da allon bakin gada mai cewa daga nan Dahome ce.

Abin da na fara rubutawa da hannuna sunan innata ne. Hamsatu. Da gawayi na rubuta, a bayan murhun banda. A baki ba na iya faɗarsa, don ba a yi 'yar da za ta buɗe baki ta kira sunan uwarta ba. Amma gawayi ba shi da kunya, alƙalami ma haka, shi ya sa kuke ganinsa a nan.

Ina da cikin wata uku ta rasu. Da can, kullum safiya masunta daga Tunuga sukan tsaya a ƙofar gida da kwanduna su ce, "Hamsatu, kifi ya iso." Maƙwabta su kira, masu saye su kira, sunan yana yawo a unguwa kamar hayaƙin murhunta. Bayan ta tafi, shiru. Abu ɗaya na sa a raina: in mace na haifa, a mayar mata da sunan. Ni dai ba zan kira ba, ga 'yar fari, ga sunan uwa, kunya biyu ke nan. So nake kawai in ji wasu suna kira a tsakar gida.

Macen kuwa na haifa.

Mijina Alassan kwamis ne, wato magatakarda, a wani biro na gwamnati da ke kusa da gada. Shi ma sunansa a takarda kawai nake faɗa, a gida Kwamis nake ce masa. Yana da besti ɗaya, wato kwat, karabat biyu na ɗaure wuya, da belo, kekensa mai ƙararrawa. Yakan kaɗa ƙararrawar ko da babu kowa a hanya. An gaya masa tun kafin aure cewa na iya karatu, ya yi dariya ya ce karatun kifi. Don haka yakan bar takardunsa a gabana yadda ake barin su gaban akuya, abin tsoron kawai kada ta ci.

Shekara biyu ke nan da aka ba mu mulkin kai, kuma abin da na ga ya fara canjawa a Gaya shi ne sunaye. Hanya tana nan yadda take, sauro yana nan, amma jarirai sun ci gaba. Da, in yarinya ta zo ranar Juma'a a ce mata Jummai. In 'ya'ya suna mutu wa mace, a ce wa na gaba Bawa, don mutuwa ta raina shi ta wuce. In tsohuwa ta rasu a mayar da ita. Yanzu rediyo ke raɗa suna. A unguwarmu akwai Depite, wato ɗan majalisa, yana rarrafe ba wando yana cin ƙasa. Akwai Minista, ɗan mai gyaran belo, wanda majina ba ta taɓa barin aikinsa ba. Akwai wata Jamhuriya, kakarta ta gaji da nisan sunan ta koma ce mata Jummai, ko da yake ranar Talata aka haife ta.

Mutanen biro sun wuce wannan ajin. Nasu yayin shi ne sunan matar shugaba. Ka sa wa 'yarka sunan matar Shef, Madam ta zama takwara, ta zo da turmin atamfa, ta riƙa tunawa da kai. In ta tuna, Shef ya tuna. In Shef ya tuna, sai Yamai. Shugaban biron su Kwamis shi ne Shef Halidu, matarsa kuma daga Dakar ya auro ta, sunanta Mari-Terez, da ɗan sanda a tsakiya. A lokacin akwai jarirai uku masu wannan suna a Gaya. Babu uban da ya ga Yamai. Ɗaya ma can ƙauyen Karakara aka tura shi.

Kwana uku da haihuwa na ga wata takarda a ƙarƙashin fitila. Kwamis ya rubuta Mari-Terez a jikinta sau goma sha huɗu, kowanne da irin wutsiyarsa, yana neman wanda ya fi kyau. Da ya dawo cin abincin rana na ce masa, "Kwamis, zancen sunan nan."

"Bon. An gama."

"Na roƙe ka tun ina da ciki."

"Na karɓi roƙonki, na duba shi, ban amince ba." Haka yake magana, kamar ni ma a kan teburinsa aka ajiye ni.

"Innata ce."

"Allah ya ji ƙanta. Amma ki yi tunani, Madam Alassan. Yarinyar nan lakwal za ta, Yamai za ta, wataƙila har Faransa. A tambaye ta suna, ta buɗe baki, warin banda ya fito?"

"Bandar nan ita ta sayi gadon da kake kwana a kai."

"Wannan wani dosiye ne daban."

"To wane suna ka zaɓa?" Na tambaya don in ji ko zai faɗa.

"Sirri ne. Za ki ji ranar suna tare da jama'a." Ya wanke hannu, ya ƙara da cewa, "Kuma ki daina ce mini Kwamis. Mace sibilize, wayayya, da sunan mijinta take kiransa. Kunyar suna ta tafi da Nasara."

"Nasara ne ya kawo ta?"

Ya gyara karabat ya fita. Na ji ƙararrawa tana nisa.

Gwaggo Auta, ƙanwar babansa, ita ke yi mini wankan jego. Duk abin da aka faɗa a kunnenta, tana gindin tukunyar ruwan zafi tana tsoma ganye. Ta ce, "Yaron nan tun da ya fara ɗaure wuya da igiya jini bai cika isa kansa ba. Juya bayanki."

Na juya. Ta fyaɗa mini ganye mai tururi.

"Ki haƙura, 'yar nan. Suna na uba ne."

"Na sani, Gwaggo."

"Yadda kika ce kin sani ɗin nan bai yi mini ba."

Ana jibi suna da la'asar Kwamis ya kira Baffa Bawa, wan babansa, wanda shi ne babba a gidansu tun da uban ya rasu. A tsakar gida suka zauna, ni ina ɗaki ina ji ta asabari. Ya ce wannan sunan ba irin na ƙauye ba ne, akwai tsari. Tabarmi a waje don malamai da mutanen gari, kujeru na aro a ƙarƙashin rumfa don Shef da mutanen biro, da limonati. Sannan ya fito da ambulan fari, an manne bakinsa, an buga masa hatimi har biyu.

"Sunan yana ciki. Shef da kansa zai buɗe, ya karanta, Malam ya maimaita, a yanka rago, a yi tafi."

Baffa Bawa ya ce, "Tafi? A suna?"

"Haka ake yi a manyan wurare."

"Ni na san uba yakan durƙusa ya raɗa wa liman a kunne. Haka aka yi naka. Ni na riƙe ƙafar ragon."

"Baffa, wancan zamanin baki ne. Yanzu duk abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba."

Baffa ya ɓare goro ya ce to.

Abin da Kwamis bai sa a tsarinsa ba shi ne sama. A shekarar ruwan shuka ya makara. Mutane sun gyara gonaki, sun ware iri, sun zauna suna kallon gabas har wuyansu ya ƙage. An yi roƙon ruwa sau biyu. Shi Kwamis bai san ana jira ba, don a biro ba a shuka komai. Ranar suna, kafin kiran asuba, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya waye da ƙamshin ƙasa.

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da wannan ke nufi. Ranar ruwan farko ko gawa gaggawar binne ta ake yi. Mutane sun zo suna, don ba a ƙin zuwa, amma kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri. Suka jingina sungumai a bangon gidanmu jere, suka tsuguna a bakin tabarmi ba su ma zauna sosai ba.

Kwamis ya fito cikin besti. Ya ce Shef ya ce ƙarfe takwas, kuma bai dace babban mutum ya zo shi kaɗai ba, don haka shi da duk mutanen biro za su je ƙofar gidansa su rako shi. Yayyafi bai ɗauke ba tukuna, sai ya miƙa wa Baffa Bawa ambulan don kada ya jiƙe.

"Kada kowa ya taɓa."

"Alassan, mutanen nan gona za su."

"Gona ba ta gudu, Baffa."

Ɗakina yana jikin zaure, duk abin da maza ke faɗa yana shigowa. Da farko gaisuwa. Daga nan tari. Daga nan wani ya ce ƙarfe takwas ɗin nan a agogon wa. Rana ta fito ta hau bango. Wani ya zo da labarin motar Shef ta ƙi tashi, mutanen biro suna tura ta a cikin caɓi, Madam kuma ba ta gama ɗaurin kallabi ba.

Malam Isa, limamin unguwa, tsoho ne mai haƙuri, amma gonarsa tana can hanyar Tunuga. Na ji ya ce, "Bawa, in rana ta ƙara ɗagawa laimar nan ta tafi. Mutum talatin ka tsare. Mene ne sunan?"

"Yana cikin takarda, Allah gafarta Malam."

"Buɗe."

"An ce kada a taɓa."

"Wa ya ce?"

"Ɗan ƙanena."

"To."

Sai na ji ƙarar yaga takarda.

Aka miƙa wa Malam. Ya ce wannan rubutun daga hagu yake tasowa, shi bai taɓa bin hanyar ba. Aka ba mai gyaran belo, uban Minista, ya ce shi lamba kawai ya sani. Aka ba wani tsohon soja, ya ce ya iya amma idonsa ya mutu. Takarda ta zagaya tabarmi ta dawo da shatin yatsu. 'Yan lakwal iyayensu sun kwashe su gona tun da sassafe. Duk wani mai karatun boko da ya rage a Gaya yana bayan motar Shef yana turi.

Sai Gwaggo Auta ta leƙa ta bakin zaure ta ce, "Mai jego ta iya."

Wani ya yi dariya. Malam bai yi ba. Shi da Baffa suka shigo tsakar gida, suka tsaya a bayan asabari suka yi sallama. Gwaggo ta karɓo takardar ta kawo mini, ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

Kwamis ya zaɓi mai doguwar wutsiyar nan. Har ya ja layi biyu a ƙasa.

Malam ya ce, "'Yata, barka da arziki. Faɗa mana abin da za mu yanka rago a kai, mutane na jira."

Jaririyar tana barci a cinyata, ta dunƙule hannu. Na dube ta, na dubi takarda. Shekarata goma sha tara a duniya, sunan nan bai taɓa bi ta bakina ba, ko a ɓoye, ko a mafarki.

Na ce, "Hamsatu."

Ya fito kamar ba muryata ba. Gwaggo ta rufe baki da gefen zane.

Malam ya ce, "Haka aka rubuta?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Sunan matar Shef aka rubuta, Mari-Terez. Ba zan yi maka ƙarya ba. Ka tambaye ni abin da za a yanka rago a kai, shi na faɗa."

Baffa Bawa ya ce, "Mai jego, kin san suna na uba ne."

"Na sani, Baffa. Ina uban?"

Daga waje ana jin wani yana buga ƙotar sungumi a ƙasa.

Na ce, "Wuƙa a hannunku take, ni ko ƙofar ɗaki ba ni da ikon fita. Amma yau na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, a gaban manya, kuma ba ya komawa ciki. In da wancan za ku yanka, ku nemi wanda zai sake karanta muku. Ni na gama karatu."

Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin cinyata.

Malam ya ce, "Bawa, kai ne uba a nan. Ni suna biyu na ji. Ɗaya ban san mai shi ba. Ɗaya kuwa shekara ashirin duk Juma'a tana aiko mini da kifi, ba ta taɓa cewa in yi mata addu'a ta zama wani abu ba."

Baffa ya yi ajiyar zuciya. "Ubansa ya bar mini shi. Shi kuma ya bar mini takarda ya tafi turin mota." Ya ɗaga murya. "A kamo ragon."

Ban ga yankan ba, mai jego ba ta gani. Na ji fatiha, na ji amin ta tashi gaba ɗaya, na ji ragon ya yi kuka sau ɗaya. Sai Haruna maroƙi ya ɗaga murya yadda har bakin ruwa za a ji: "Sunan jaririya Hamsatu! Hamsatu ta dawo! Allah ya raya Hamsatu!"

Matan tsakar gida suka rangaɗa guɗa. Ni na sunkuyar da kai ina gyara wa yarinya zane, na daɗe ina gyarawa.

Kafin guɗar ta mutu maza sun kwashi goro, sun kwashi sungumai, sun watse. Da motar Shef ta iso, rana ta kai tsakar gida. Babu kowa a tabarmi. Rago yana rataye ana feɗewa, wanzami ya gama aski yana wanke aska. Kujerun aro suna nan a jere, limonati ya yi ɗumi. Haruna maroƙi kaɗai ya rage a waje, don shi ba shi da gona, mutanen biro su ne gonarsa. Yana ganin Kwamis ya fito daga bayan mota, laka har gwiwa, ya tare shi da murya: "Uban Hamsatu! Ga uban Hamsatu, kwamis mai alƙalamin zinariya!"

Ta ɓular asabari nake kallo. Kwamis ya tsaya da hannu ɗaya a ƙofar mota. Ya dubi rago, ya dubi Baffa, ya dubi yagaggen ambulan a ƙasa. Shef Halidu ya sauko yana kakkaɓe wando, ya ce, "An riga an yi? Da kyau. Ni dama ba na son dogon zama." Ya zauna ya buɗe limonati, ya tambaya ko za a samu cinya.

Madam ta shigo ɗakina da turmin atamfa a hannu. Doguwa ce, ta sunkuya kafin ta wuce ƙofa. Hausarta guntu-guntu ce. Ta karɓi yarinya, ta riƙe ta yadda wanda ya saba yake riƙewa.

"Mijinki ya ce takwarata."

Na ce, "Haka ya so, Madam."

"Yaya sunanta?"

Na dubi Gwaggo. Gwaggo ta faɗa.

"Sunan wa?"

Gwaggo ta ce, "Uwar mai jego. Bara ta rasu."

Madam ta daɗe tana kallon fuskar yarinya. Ta ce, "Ni Mari-Terez a lakwal suka ba ni. Uwata Kumba take ce mini. Tun Dakar ban ji ba." Ta mayar mini da ita, ta ajiye atamfar a bakin gado, ta fita. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Har yau ban san ko ta ji haushi ba.

Da la'asar, bayan baƙi sun tafi, Kwamis ya shigo. Ya cire besti amma ya bar karabat.

"Kin karanta takardata."

"Kai ka ce ban iya ba."

"Kin yi wa Malam ƙarya."

"Je ka tambaye shi. Yana gona."

"Kin kunyata ni a gaban Shef."

"Shef ya tafi da cinya. Bai yi kama da wanda aka ɓata wa rai ba."

"Za a sake suna."

"Sayo rago. Ka tara mutane, ka tsaya ka gaya musu dalili. Sai dai ka jira a gama shuka. Da noman fari. Ka san yadda suke."

Ya zagaya ɗakin, ko da yake ɗakin bai kai a zagaya ba. "Bon. Takardar haihuwa ni zan je in cika. Abin da na rubuta shi zai shiga rajista, da hatimi. Shi ne sunanta a wurin gwamnati."

"Rubuta. In gwamnati ta dafa tuwo ta kira ta da shi."

"Kadi, kin san ina iya mayar da ke gidanku."

"Gidanmu murhun banda ne. Yana nan, kuma na iya hura shi."

Gwaggo Auta ta shigo da ƙwaryar kunun kanwa ta ce masa ya matsa, ɗakin jego ba biro ba ne.

Ya cika maganarsa, ya je ya rubuta Mari-Terez a rajista. Ya kawo takardar gida, ya sa ta a gilashi ya rataye a bango. Sannan ya daina yi mini magana. Kwana arba'in cur, ko sannu. Amma mutum ba ya zama gida ɗaya da mai dafa masa abinci babu saƙo, don haka ya koma rubuto mini. Da safe sai in tarar da 'yar takarda a kan murfin tukunya. "Gishiri ya yi yawa. Alassan." "A goge farar riga. Alassan." Mutumin da ya ce karatun kifi na iya. Na adana su duka a cikin kwalla. Ɗaya ce kawai na amsa, na rubuta a bayanta, "An karɓa, an duba, ba a amince ba."

Bayan girbi aka ɗauke Shef Halidu aka kai shi wani gari, Madam ta bi shi. Sabon Shef ya zo da matarsa mai wani sunan daban. Iyayen Mari-Terez uku suka zauna da 'ya'yansu suna kallon juna. Na ji ɗaya daga cikinsu yana tambaya ko matarsa za ta iya sake haihuwa kafin damina. Kwamis bai je Yamai ba, kuma ya ce laifina ne. Na ce na ɗauka.

Ya ci gaba da kiran yarinya da sunan gilashi. Shi kaɗai. Yakan ɗaga ta sama ya faɗa a hankali, da ɗan tsayawa a tsakiya inda sandan yake. Ita kuma ta kama karabat ta sa a baki. Sauran gari kuwa, daga Gwaggo har masu kawo itace, abin da aka yanka rago a kai suke kira. Masuntan Tunuga da suka ji labari suka zo da kwando guda, suka tsaya a ƙofar gida inda ba su taɓa tsayawa ba, babbansu ya ce, "Hamsatu, kifi ya iso." Ina ɗaki a lokacin. Ban fito da wuri ba.

Wata rana, tana da wata tara, Kwamis ya shimfiɗa tabarma a inuwa yana kwafin wasu takardun biro. Ya tashi ɗauko ruwa ya bar kwalbar tawada a buɗe. Ni ina bakin murhu ina tsince shinkafa, Gwaggo tana kaɗi. Yarinya ta hango kwalba, ta nufe ta da rarrafe, irin rarrafen wanda ya san abin da ya fito yi.

Kwamis yana can bakin randa da moɗa a hannu. Ya ce, "Mari-Terez."

Ba ta waiga ba.

"Mari-Terez, tsaya."

Ta ƙara sauri.

Na ga ya buɗe baki zai faɗi ɗayan. Na ga leɓensa ya shirya. Sai abin ya tsaya masa a maƙogwaro, don sunan surukarsa ne, kuma duk sibilize ɗinsa ba a haifi ɗan Gaya da zai ƙwala wa sunan suruka kira a tsakar gida ba. Ashe Nasara bai tafi da kunyar suna duka ba. Ya juya a ruɗe ya ce, "Gwaggo, kira ta."

Gwaggo ba ta ko ɗaga kai daga mazari ba. "Wa zan kira?"

"Gwaggo, tawada."

"Ka ce wa?"

"Inna," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Kira mini Inna."

Gwaggo ta ce, "Hamsatu."

Yarinya ta tsaya cak, hannunta ɗaya a sama, taki guda tsakaninta da kwalba. Ta waigo tana dariya da haƙoranta biyu.

Kwamis ya lallaɓa ya ɗauke tawadarsa. Ni ban daina tsintar shinkafa ba. Na ce, "Gwaggo, me kika ce? Wuta tana ƙara, ban ji ba."

Gwaggo ta dube ni ta wutsiyar ido, ta sake faɗa.